Zaɓen Mabugin Fikilbol: Kaushin Fuska Ko Natsuwar Ciki?

Fikilbol wasa ne da aka ƙirƙira a shekarar 1965 a tsibirin Bainbridge da ke jihar Washington ta ƙasar Amurka, inda Joel Pritchard, wanda daga baya ya zama ɗan majalisar wakilan ƙasar, da abokansa Bill Bell da Barney McCallum suka harhaɗa kayan badmintin da na ƙwallon tebur domin su sama wa iyalansu abin debe kewa. Ana buga shi a fili mai faɗin ƙafa 20 da tsawon ƙafa 44, da raga mai tsayin inci 36 a gefe da inci 34 a tsakiya, ƙwallonsa kuwa ta roba ce mai tauri, cikinta fanko, jikinta da huji tsakanin 26 zuwa 40, nauyinta kuma bai kai giram 27 ba. Abin da ake buga ta da shi faifai ne mai mariƙi, ba shi da igiyoyi irin na raket ɗin tanis, kuma shi ne ake nufi da mabugi a wannan muhawara. Ƙungiyar masana'antun kayan wasanni ta Amurka ta ƙiyasta masu buga wasan a ƙasar da miliyan 13.6 a 2023 da miliyan 19.8 a 2024, kuma wannan tururuwa ce ta mayar da mabugi haja mai kasuwa, har farashinsa ya tashi daga 'yan daloli zuwa dala 250 ko 280, wani ma ya haura 300.

Tambayar da ta raba kan 'yan wasa ita ce: wanda ya ƙuduri sayen mabugi guda da zai daɗe da shi, shin ya zuba kuɗinsa a kan na zamani mai kaushin fuska da ke murza ƙwallo ta riƙa juyi a iska, ko kuwa ya nemi mai kaurin ciki da sauƙin sarrafawa a farashi matsakaici? Kowane ɓangare yana da ƙwararru da masu horarwa a bayansa, kuma ba a fahimtar hujjojinsu sai an san yadda ake ƙera abin da suke jayayya a kai.

Mabugan farko katako ne zalla. A 1984 wani injiniyan kamfanin Boeing mai suna Arlen Paranto ya ƙera na farko da irin allon da ake shimfiɗa daɓen jirgin sama da shi, wato ciki mai siffar saƙar zuma da aka lulluɓe da fata siririya ta zaren gilashi, kuma a kan wannan tsari mafi yawan mabugai suke har yau. Ciki yanzu galibi na robar folifurofilin ne, kaurinsa milimita 13 ko 14 a sirara, 16 a kaurara. Fuska kuwa ana yin ta da zaren gilashi, ko zaren kabon, ko Kevlar, a jiƙa zaren da wani gam mai taurarewa da ake kira ifoksi. Dokar hukumar USA Pickleball ta ce tsawo da faɗi idan aka haɗa kada su wuce inci 24, tsawo shi kaɗai kada ya wuce inci 17, amma ba ta ƙayyade kauri ko nauyi ba, ko da yake yawancin mabugai suna kewayen giram 220 zuwa 235. Abin da ta ƙayyade da tsanani shi ne kaushin fuska: akwai ma'auni biyu, ɗaya kada ya wuce maikromita 30, ɗayan kada ya wuce 40, maikromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Duk gardamar juyi a cikin wannan ɗan siririn tsakani take gudana.

Abin da magoya bayan juyi ke cewa

Hujjarsu ta farko daga girman fili take fitowa. Daga layin baya zuwa raga ƙafa 22 ne kacal, bayan raga kuma wasu ƙafa 22, saboda haka duk ƙwallon da aka buga da ƙarfi a miƙe tana da zaɓi biyu, ko ta faɗa raga ko ta fita waje, sai fa idan akwai abin da zai danno ta ƙasa kafin ta wuce layi. Juyin gaba shi ne wannan abu. Idan fuskar mabugi ta shafi bayan ƙwallo daga ƙasa zuwa sama, ƙwallon takan tafi tana birgima gaba a cikin iska, bambancin matsin iska tsakanin samanta da ƙasanta kuma ya tura ta ƙasa, abin da masana kimiyya ke kira tasirin Magnus. Ma'anar wannan a wurin ɗan wasa ita ce yana iya ɗaga ƙwallo sama da raga da tazara mai kyau, ya buga da ƙarfi, kuma ta sauka a cikin fili, sau da yawa ma a ƙafafun abokin karawa, inda mayar da ita ya fi wuya. Don haka suke cewa raba juyi da sarrafawa kuskure ne tun daga tushe, domin juyi shi ne sarrafawa a lokacin da wasa ya yi zafi.

Hujja ta biyu ita ce wasan kansa ya sauya. A da, wanda ya iya tausasa ƙwallo ya ajiye ta a bayan raga shi ne gwani. Da 'yan tanis suka shigo da yawa, da hannunsu da ya saba da murza ƙwallo, sai bugu mai ƙarfi daga baya da kai farmaki kwatsam daga bakin raga suka zama ruwan dare, har a filayen unguwa. Ko a tausasan bugu na kusa da raga, waɗanda ake kira dink, gwanayen yau suna ɗan naɗe ƙwallon ta yadda idan ta taɓa ƙasa za ta zabura gaba ko ta kwanta, maimakon ta tashi tsaye ta jira a make ta. Masu gwada mabugai masu zaman kansu, waɗanda ke ɗaukar hoton bugu da kyamara mai saurin ɗauka su ƙirga juyi, sukan samu sabon mabugin kabon mai kyau yana kai ƙwallo kewayen juyi 2,000 a minti ɗaya, alhali mai sulɓin fuska yana can ƙasa sosai. Magoya baya suna ƙara da cewa hukumar wasan da kanta ta shaida ƙarfin juyi, tunda a 2022 ta hana murza ƙwallo a jikin mabugi kafin bugun farko, a 2023 kuma ta hana murza ta da yatsu ko da hannu ɗaya ne. Abin da aka tashi tsaye aka yi wa doka har sau biyu a jere, in ji su, ba ƙaramin makami ba ne.

Martanin masu fifita sarrafawa

Wannan ɓangare bai musanta kimiyyar juyi ba. Abin da yake tambaya shi ne daga ina juyin ke fitowa, kuma har yaushe yake tsayawa. Ƙwallo da mabugi suna haɗuwa ne na ɗan lokacin da bai wuce kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma yawan juyin da za a samu ya dogara da saurin da fuskar mabugi ke shafar ƙwallon da kusurwar da aka riƙe shi. Kaushi yana hana ƙwallon zamewa ne kawai. Wanda hannunsa ke tura ƙwallo a miƙe, kamar yadda mafi yawan sababbin 'yan wasa da dattawan da suka cika filayen Florida da Arizona suke yi, ko an ba shi mabugin da ya fi kowanne kaushi ba zai ga wani juyin a zo a gani ba, domin bai ba fuskar damar kama komai ba. Alƙaluman masu gwaji kuwa daga hannun gwanaye suke fitowa, a bugun farko da aka yi da cikakken ƙarfi, da mabugi sabo fil.

A kan wannan kalma ta sabo ne hujjarsu mafi nauyi take. Fuskar da ake tallatawa da sunan ɗanyen kabon, wadda sau da yawa ake cewa an yi ta da zaren T700 na kamfanin Toray na Japan, kaushinta ba daga zaren yake ba. Lokacin ƙira akan shimfiɗa wani ƙyalle a kan gam tun yana ɗanye, idan ya taurare a ɓare ƙyallen, sai sawun saƙarsa ya zauna a jikin gam ɗin. Wanda ya shafa yatsa a kan sabon mabugi zai ji wannan sawu yana kama fata, idan kuma ya karkata shi ga haske zai ga fuskar a dushe baki ɗaya. Bayan watanni ana wasa, tsakiyar fuskar, inda ƙwallo ta fi sauka, takan fara ƙyalli kamar tafin hannu, gefuna kuwa suna nan da kaushinsu, domin robar ƙwallo da ƙurar fili da ke manne da ita sun cinye kan tudun gam ɗin. Akwai wani ɓangare na santsin da tarkacen roba ne suka cike ramuka, wannan ana cire shi da magogin roba da ake sayarwa don haka, amma abin da ya zaizaye ya tafi ke nan. Kaushin da ake fesawa a kan fuska kamar fenti ya ma fi wannan saurin gogewa. Dutsen niƙa idan ya yi santsi akan kira mai makoɗi ya koɗa shi ya dawo aiki, mabugi kuwa doka ta hana, domin abin da aka yarda ɗan wasa ya sauya bai wuce naɗin mariƙi, da tef na kare gefe, da tef mai nauyi, da alamar suna ba. Saboda haka, in ji wannan ɓangare, wanda ya biya dala 280 don juyi haya ya ɗauka ta 'yan watanni, ko da yake a rasit an rubuta saye.

Sarrafawa kuwa, a cewarsu, tana zaune a sassan da ba sa gogewa. A kowane gefen raga akwai yanki mai zurfin ƙafa 7 da ake kira kicin, wanda ba a yarda ɗan wasa ya tsaya a cikinsa ya tare ƙwallo tun tana sama ba, akwai kuma dokar da ta wajabta ƙwallo ta taɓa ƙasa sau ɗaya a kowane ɓangare kafin a fara tarewa. Waɗannan dokoki biyu sun sa wasan biyu-biyu, wanda shi aka fi bugawa, yakan ƙare ne a bakin kicin, tazarar ƙafa 14 tsakanin abokan karawa, inda ake buƙatar mabugin da zai shanye ƙarfin ƙwallo mai zuwa da gudu ya sauke ta a hankali. Ciki mai milimita 16 ya fi iya wannan. Haka nan mabugi mai faɗi, kamar inci 16 da 8, ya fi dogo siriri na inci 16.5 da 7.5 yafe kuskure, domin idan ƙwallo ta bugi gefensa bai cika murɗewa a hannu ba. Wannan juriya ta murɗewa ana auna ta, kamar yadda ake auna nauyin kaɗawa, wato nauyin da hannu ke ji idan yana lilo da mabugi, wanda ya bambanta da nauyin da sikeli ke nunawa. Siffa da rabon nauyi suna nan yadda suke daga ranar saye har ranar da aka ajiye mabugi, kuma a matakin 'yan wasan nishaɗi maki mafi yawa kuskure ne ke ba da su, ba gwaninta ba.

Magoya bayan juyi sun dawo

Suna amsa cewa an kwatanta musu abin da ba su faɗa ba. Babu wanda ya ce a zaɓi kaushi a bar kauri, domin mabugan kabon mafi shahara yawancinsu milimita 16 ne, suna ba da juyi da taushi a lokaci guda, kuma zaren kabon ya fi zaren gilashi sauƙin sarrafawa tunda bai kai shi zaburar da ƙwallo ba. Game da cewa sabon ɗan wasa ba ya murza ƙwallo, sai su ce ai don haka ne ya kamata a ba shi kayan da zai koya da su: wanda ya gwada shafar ƙwallo da fuska mai sulɓi ya ga ta zame ta faɗa raga zai daina gwadawa, hannunsa ya ginu a kan turawa, daga baya kuma gyaran hannu ya fi gyaran kaya wuya.

A kan gogewar kaushi ma suna da lissafi. Idan aka ƙaddara mutum yana wasa sau uku a mako, awa biyu kowane zuwa, a shekara ya yi awa 312, mabugin dala 250 da ya yi masa shekara kuwa ya tashi a kan santi 80 kowace awa, abin da bai kai kuɗin shiga fili mai rufi ba, balle takalmi da ƙwallaye da ke fashewa a kai a kai. Ɗan tanis yana sauya igiyoyin raket ɗinsa sau da yawa a shekara bai ce an cuce shi ba. Sannan manyan kamfanoni suna ba da garanti da ake iya dogara da shi, suna da masu bincike da ke gwada kayansu, kuma abin da suka ƙirƙiro ne ƙananan kamfanoni ke kwaikwaya bayan shekara guda. Araha ba ta ado, in ji su, wanda ya sayi na dala 40 a jerin kayan da ba a san maƙerinsu ba zai sake saye kafin ya ankara.

Amsar ɗaya ɓangaren a kan ƙarko da doka

A nan ne masu fifita sarrafawa suke ɗauko tarihin 'yan shekarun nan, kuma tarihin yana da nauyi. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 kasuwa ta cika da mabugan da ake gasawa a cikin mazubi, wato a naɗe ciki da mariƙi da zaren kabon, a zuba soso a gefuna, a matse su da zafi su zama abu guda. Wannan ƙira ta ƙara ƙarfi, ta faɗaɗa wurin da bugu ke fita daidai, ta kuma rage karyewar mariƙi, amma ta zo da cututtukanta: fuska tana rabuwa da ciki, ko kuma ɗakunan saƙar zuma su murƙushe saboda zafin da suka sha da dukan da ke biyo baya. Alamar ba ta ɓuya, domin idan aka danna tsakiyar fuskar da manyan yatsu biyu akan ji tana lotsawa da ɗan ƙara kamar ana taka busasshen ganye, sautin bugu ma yakan sauya ya yi zurfi. Abin mamaki shi ne mabugin da cikinsa ya murƙushe yakan ƙara ƙarfi maimakon ya rage, domin fuskar ta koma kamar ganga tana cilla ƙwallo, sai mai shi ya ga bugunsa na fita waje bai san dalili ba, wanda ke tsaye ƙafa 14 a gabansa kuma idonsa na cikin haɗari. Tsada ba ta tsare kowa daga wannan ba, ya sami masu tsada ya sami masu araha.

Sai kuma batun doka. A watan Afrilu na 2022, ana cikin gasar US Open a birnin Naples na jihar Florida, hukumar USA Pickleball ta cire mabugan kamfanin CRBN daga jerin waɗanda ta amince da su saboda kaushinsu ya wuce iyaka, kamfanin kuma ya fito da wasu da aka gyara. A watan Mayu na 2024 ta cire sababbin mabugan JOOLA na ƙarni na uku, makonni kaɗan bayan fitowarsu kasuwa a farashin da ya kusa dala 280, bayan da ya bayyana cewa samfurin da aka kai gwaji ba shi ne wanda ake sayarwa ba, al'amarin da ya kai kamfanin da hukumar kotu. A ƙarshen shekarar hukumar ta shigo da sabon gwaji mai suna PBCoR, wanda ke auna yawan ƙarfin da ƙwallo ke dawowa da shi idan ta bugi mabugi, ta sa iyaka a 0.44 tare da shirin sauke ta zuwa 0.43, kuma wasu mabugai masu tsada da aka riga aka amince da su suka rasa izinin shiga gasa daga 1 ga Yuli, 2025. Gasannin ƙwararru kuma suka kafa tasu hukumar, UPA-A, mai nata ma'aunin. Darasin da wannan ɓangare ya ciro shi ne mabugin da aka ƙera ya tsaya daf da bakin iyaka, wanda shi ne mafi tsada kuma mafi talla, shi ne farkon wanda ke faɗawa waje idan iyaka ta matsa.

Game da araha, suna cewa ba su taɓa nufin na dala 40 ba. Mafi yawan mabugai, masu suna da marasa suna, a masana'antun ƙasar Sin ake ƙera su, kuma akwai kamfanoni da dama da ke sayar da mabugin kabon mai milimita 16, wanda hukuma ta amince da shi, a kewayen dala 100. Tunda iyakar kaushi ɗaya ce a kan kowa, mai tsada ba shi da damar ya fi mai matsakaicin farashi kaushi ba tare da ya karya doka ba. Da lissafin awa 312 ɗin nan, wanda ya sayi na dala 100 sau biyu a shekara ya kashe 200, kuma yana da sabuwar fuska sau biyu, alhali mai na 250 yana buga rabin shekararsa da fuskar da ta fara santsi. Garanti kuwa galibi yana ɗaukar aibin ƙira ne, gogewar kaushi ana lissafa ta cikin tsufa na yau da kullum.

Tace hujjoji

Idan aka ajiye zafin jayayya, za a ga ɓangarorin biyu suna amsa tambayoyi uku ne da suka cakuɗe, kuma nasara ba ta faɗa gefe ɗaya a dukkansu ba.

A kan ko juyi yana da muhimmanci, magoya bayansa sun fi gaskiya. Gajartar fili da yadda wasan ya ƙara sauri sun sa ɗan wasan da ke son ya wuce matakin farko ba zai iya yi ba tare da shi ba, kuma hujjarsu cewa fuska mai sulɓi tana hana koyo hujja ce da ɗaya ɓangaren bai iya rushewa ba. Babu wani dalili mai ƙarfi a yau da zai sa mai niyyar daɗewa a wasan ya sayi mabugi mai santsin fuska ko mai kaushin feshi.

A kan ko juyi ne ya kamata ya zama abin da ke yanke zaɓi tsakanin mabugi da mabugi, masu fifita sarrafawa ne suka yi rinjaye, kuma da tazara. Da zarar an shiga ajin mabugan kabon masu sawun ƙyalle, bambancin juyi tsakanin wannan da wancan ƙarami ne, kuma yana raguwa da kowane mako na wasa, bambancin siffa da kauri da nauyin kaɗawa kuwa babba ne kuma yana nan daram. Akwai abin da ɓangarorin biyu suka yi wa riƙon sakainar kashi alhali ya fi duka shafar daɗewar mutum a wasan, wato lafiyar hannu. Mabugi dogo mai nauyi a kai yana ba da ƙarfi da isa nesa, wanda ya fito daga tanis yana jin daɗinsa, amma yana jinkirta hannu a bakin kicin, yana kuma wahalar da gwiwar hannu da wuyan hannu, ciwon da ya zama sananne a tsakanin masu wannan wasa, musamman manya. Kaurin mariƙi, wanda yake tsakanin inci 4 da 4.5, shi ma haka: ƙarami ana iya ƙara masa naɗi, babba kuwa ba a rage shi. Mabugi mara nauyi ana iya manna masa tef mai nauyi a gefuna ya ƙara tsayuwa, mai nauyi kuwa babu yadda za a yi da shi. Abin takaici ne cewa talla ta fi ambaton juyi, wanda ake iya rubuta shi da babban adadi a jikin kwali, fiye da waɗannan ma'aunai da kamfanoni da yawa ba sa ma bugawa.

Tambaya ta uku, ta daraja a tsawon lokaci, ita ce wadda ba ta yankuwa da amsa guda, domin ta dogara da wanda ke saye. Mai shiga gasa, wanda maki biyu ko uku ke raba shi da nasara, yana da dalilin biyan kuɗin sabuwar fuska a kai a kai, kuma wajibi ne ya duba jerin hukumar da ke kula da gasarsa kafin ya biya. Mai buga wasa sau ɗaya a mako zai iya shekaru da mabugi ɗaya ba tare da ya lura da abin da ya rage ba. Wanda ke zaune nesa da Amurka, kamar 'yan wasan Afirka da suka buga fikilbol a matsayin wasan gwaji a Gasar Wasannin Afirka da aka yi a Accra cikin Maris 2024, lissafinsa daban ne, domin garantin da sai an mayar da kaya ƙetare bai cika amfani ba, kuɗin dako da na kwastan suna hawa kan farashi, zafin da ke taruwa a cikin motar da aka rufe a rana kuma yana sassauta gam da robar ciki. Ga irin wannan mai saye, biyu masu matsakaicin farashi sun fi ɗaya mai tsada kwanciyar hankali.

Duk da haka magoya bayan manyan mabugai suna da katin da bai gama buɗewa ba. Daga farkon 2025 kamfanoni sun fara fitar da mabugan da cikinsu soso ne baki ɗaya, babu saƙar zumar da za ta murƙushe, CRBN yana cikin na farko da samfurinsa TruFoam, wasu kuma suna gwada fuskoki masu ƙwayoyin da suka fi gam tauri, har da fuskar da ake ɓarewa a manna sabuwa idan ta goge. Hujjar masu fifita matsakaicin farashi ta ginu ne a kan cewa mai tsada da mai araha suna tsufa da sauri ɗaya. Idan waɗannan sababbin ƙire-ƙire suka nuna a filin wasa cewa suna riƙe kaushi da ƙarfinsu shekara biyu ba tare da sun sauya hali ba, kuma hukumomin biyu suka bar iyakokinsu a inda suke, lissafin awa zai juya ya goyi bayan mai tsada. Idan kuwa ƙananan kamfanoni suka kwaikwayi ƙirar cikin shekara guda suka sayar a rabin farashi, kamar yadda ya faru da mabugan mazubi a 2023, to wanda ya jira ne zai samu kaushi mai ƙarko a kewayen dala 100.